Amsa ga ɗan'uwan da ke son haɗa zaman kallon taurari a Tumfure

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun da safe, cewa kana zaune a Tumfure kai da abokanka kuna son ku riƙa haɗuwa kuna kallon taurari, amma ba ku san inda za ku je ba, ba ku san wane dare ya fi ba, kuma ko dole sai an sayi teleskof, wato madubin hangen taurari, kafin a fara. Na bari sai da na samu natsuwa ne saboda amsar ba ta layi biyu ba ce. Mu ma mun daɗe muna irin wannan zaman a nan Gombe, kuma wallahi na ji daɗi da na ga matasa na sha'awar abin.

Maganar teleskof ka ajiye ta tukuna, ita ce ta ƙarshe. Abin da ke raya zama ko ya kashe shi abu biyu ne, daren da ka zaɓa da kuma mutanen unguwar da za ka shimfiɗa tabarma a cikinsu.

Dare dai da kalandar Musulunci za ka zaɓe shi, ba ta bature ba, domin wata ne ke yanke hukunci. Daga 12 zuwa 17 ga wata kar ma ka kira kowa, farin wata ya cika sama, ƙananan taurari duk sun ɓace, shi kansa watan idan ka leƙa shi fari ne fat ba ka ganin komai sai kashe ido. Idan watan kake so ku kalla, daga 5 zuwa 9 ne lokacinsa, rana na haska shi ta gefe, ramuka da duwatsun da ke kan layin da ya raba haske da duhu duk sun fito da inuwarsu. Idan kuma taurari kuke nema sai ku jira daga wajen 22 har zuwa 2 ko 3 ga sabon wata, tunda kullum wata na ƙara jinkirin fitowa da kamar minti 50, a kwanakin nan har ku tashi bai leƙo ba, idan kuma jinjiri ne ya faɗi da wuri. Ni shawarata zaman farko ku sa shi daren 6 ko 7 ga wata, saboda wata ba ya ba mutum kunya, ko a tsakiyar Jekadafari da duk fitilunta za a gan shi, kuma wanda bai taɓa leƙawa ba shi ne abin da ya fi girgiza shi.

Sai yanayin shekara. Mutane na ɗauka hunturu ne lokaci tunda ba hadari, to hazo fa? Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai dararen da ƙura ke rufe sama ka ɗaga kai ka ga taurari ba su fi a ƙirga da yatsa ba. Damina kuma daga Yuni zuwa Satumba ba ka isa ka sa rana mako guda gaba ba, duk da cewa daren da aka yi ruwa da yamma sama ta washe babu daren da ya kai shi kyau, a irinsa ne ake ganin farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ya ratsa sama ta kudu. Lokacin da na fi yarda da shi shi ne ƙarshen Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ɗauke ya wanke iska, ƙura ba ta sauko ba, sanyi bai yi tsanani ba. Kuma kullum ku sa ranar ko-ta-kwana, ka faɗa a guruf tun farko cewa idan da la'asar an ga sama ta ɓaci an ɗaga zuwa gobe, kar mutum ya biya kuɗin Keke Napep daga Pantami ya zo ya tarar ba kowa.

Wuri. Na san zuciyarka na can Dadin Kowa ko saman Tula, kuma gaskiya duhun can daban ne, amma kar ku fara da nisa. Tafiyar dare da mutane goma sha ba wasa ba ce, kuma wanda ya sha wahala a zuwan farko da wuya ya dawo na biyu. Ku nemi fili a gefen unguwarku, filin ƙwallon makaranta mai katanga da maigadi ya fi komai, katangar na tare hasken motoci da fitilun sola na kan titi, maigadi kuma shaida ne a kanku. Kai da kake Tumfure garin yana gabas da kai, to sararin gabas zai yi ja-ja da hasken gari, yamma da kudu su ne masu kyau, ka tsaya inda bishiya ko bene bai tare maka kudu ba. Ka je wurin da rana ka zagaya shi da ƙafa, ka ga rami, ka ga ciyawa, sannan ka koma da dare kai kaɗai ko da mutum ɗaya ka ga wace fitila ce ke damu. Sau da yawa fitila ɗaya ce ta ƙofar wani gida, idan ka yi wa maigidan sallama ka roƙe shi ya kashe na awa biyu zai kashe, wani ma ya fito da yaransa.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba ni hankalinka. Samari a fili cikin duhu, sun kashe tocila, sun kafa wani dogon bututu a kan ƙafa uku suna nuna sama, ka sa kanka a matsayin maƙwabcin da ya leƙo ta katanga, me zai zo masa a rai? A halin tsaron da ake ciki ba laifinsa ba ne idan ya kira 'yan banga. To zuwa da kai ya fi saƙo, ka je wajen mai unguwa da rana tare da wani babba da aka sani, ku gaishe shi, ka yi masa bayani, ka faɗa masa rana da lokacin farawa da na tashi, ka sanar da shugaban 'yan banga, idan taron zai yi yawa a leƙa ofishin 'yan sanda ma. Makaranta kuwa takarda za ka rubuta wa hedimasta. Kuma ka gayyace su da gaske, ba gayyatar baki ba. Akwai wani dattijo mai unguwa da muka fara sa wa ido a kan wata kafin kowa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago sai da ya kalli watan da idonsa ya sake sunkuyawa, sannan ya aika yaro a kira masa limamin masallacinsu. Tun daga ranar shi ke tambayarmu yaushe za a sake.

Za kuma ka gamu da masu cewa wannan ai duba ne, wasu har za su matso a hankali su tambaye ka tauraronsu ko maganar aure. Kar ka yi dariya kar ka yi fushi, ka faɗa a fili tun a buɗe taro cewa mu ba ma duba, ba ma faɗin gaibu, halittar Allah muke kallo muna koyon lissafinta, irin lissafin da ake duban jinjirin watan azumi da shi a kai rahoto fadar Sarkin Musulmi. Idan da hali ka samu malami ko tsohon manomi da ya san manzilolin taurarin nan 28 masu kwana 13-13, su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da ake lissafin damina da su, ka ba shi minti goma ya yi magana. Mutane na sakin jiki idan suka ji abin daga bakin nasu, kuma yaranmu da yawa ba su taɓa jin sunayen nan ba, abin na damuna ƙwarai.

Abin da za ka nuna kar ya wuce huɗu ko biyar a dare ɗaya, kuma ka neme su kai kaɗai kwana biyu kafin taron don kar ka tsaya lalube mutane na jira. A Nuwamba bayan Isha Kaza da 'ya'yanta na gabas, ido na ganin shida ko bakwai, bainokula kuwa, wato madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, ta nuna gwammai, hasken da ke shigowa idonka ya baro can sama da shekara 400. Can anjima taurari ukun nan da ke jere su fito, a gefensu akwai wani ɗan gajimare inda sababbin taurari ke samuwa, bayansu Shi'ira ta biyo, wadda aka ambata a Suratun Najmi, ita ce ta fi kowane tauraro haske da dare. Ta arewa akwai tarin taurarin Andromeda, nisan tafiyar haske shekara miliyan 2.5, dishi-dishi za a gan shi, ka gaya musu haka tun kafin su leƙa don kar su sa ran hoton intanet. Tauraron arewa kuma da yake Gombe na kan digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, ka dunƙule hannu ka miƙe shi sosai ka ɗora ƙasansa a kan inda sama ta haɗu da ƙasa, tauraron na daidai saman dunƙulen, yara na son wannan sosai. Duniyoyi irin su Mushtari da Zuhal da Zara matar wata wurinsu na canjawa kowace shekara, ka sauke manhajar Stellarium a waya ta nuna maka. Mushtari ko da bainokula idan ka jingina gwiwar hannu a katanga za ka ga watanninsa huɗu a jere, su ne masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Zoben Zuhal kam sai teleskof. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba kuma akwai ruwan taurarin nan masu tsinkewa su ja layi, idan hazo da wata sun yi sauƙi tabarma kawai ake buƙata, amma sun fi yawa bayan tsakar dare, wannan zaman manya ne.

Kaya: bainokula 7x50 ko 10x50 guda biyu sun ishe ku farawa, a karɓi aro ma. Idan za ku yi karo-karo ku sayi teleskof kar kwali ya ruɗe ku da rubutun 500x, wai yana ninka girman abu sau 500, faɗin gilashin ne abin dubawa, mai milimita 70 iyakar abin da zai ba ka da kyau bai wuce ninki 140 ba, kuma ƙafar da ke rawa ta fi komai ɓata rai. Mai madubi irin Dobsonian na milimita 130 ko 150 ya fi sauƙin sarrafawa. Ƙurar garin nan kuma kar a goge ta da bakin riga, tana karce gilashi, a hure ta da ɗan famfon roba a rufe.

Ranar taron ku zo kafin Magariba ku kafa kaya da sauran haske, ku yi salla, a fara bayan Isha a tashi ƙarfe goma. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, filashin waya ɗaya ya mayar da kowa baya, saboda haka a ɗaure jar leda a bakin tocila da robali, waya a rage haskenta, wannan doka sai ka yi ta maimaitawa cikin lalama. Mutum ɗaya ya tsaya a jikin teleskof ba ya matsawa, domin duniya na juyawa, abin da ka saita cikin minti ɗaya ko biyu ya zame ya fita, sannan kowane yaro da ya zo hannu yake fara kaiwa ya cafke bututun. Ka ce su sa hannu a baya, ka ajiye ɗan benci don gajeru. Masu jiran layi kar a bar su haka, wani ya riƙa nuna musu da ido. Mata da yara a yi musu tabarmarsu gefe guda, a fara ba su layi don su koma gida da wuri, yaro kuma sai da izinin iyayensa ko ya zo da yayansa. Kar ku sa kuɗin shiga, shayi da ruwa a yi karo-karo tsakanin ku masu shiryawa.

Takalmi rufaffe dole ne, ban yarda da silifas ba ko kaɗan. Kaka lokacin macizai ne, mu da muke jiha ɗaya da asibitin saran maciji na Kaltungo ba sai an ba mu labarin kububuwa ba, ga kunama. A share wurin da rana, a haska kafin a shimfiɗa tabarma, a zo da maganin sauro da rigar sanyi, a kuma tabbatar akwai mota ko mashin ɗaya da ke tsaye har a tashi. Masu tocilar leza kore, tana da amfani wajen nuni amma a hannun babba ɗaya za ta zauna, ba a haska ta a ido, ba a bin jirgi da ita, ku da kuke hanyar filin jirgin Lawanti ku kiyaye wannan sosai.

Rana kuma ba a kallonta da teleskof ko bainokula ko na ƙiftawar ido, makanta ce nan take, baƙin tabarau da gilashin da aka turara da hayaƙi duk ba sa karewa. Na kawo wannan ne saboda husufin rana na 2 ga Agusta 2027, wanda zai rufe ruf a wani sashen Masar da Makka, mu nan wani ɓangare za mu gani idan hadari ya bari, to ku fara neman tabaran husufi na gaske tun da wuri.

Ka fara da mutum goma zuwa sha biyar, ka buɗe musu guruf a WhatsApp, ku tsayar da dare ɗaya a kowane wata. Idan ka ga mai unguwar kun sa rana ka rubuto a nan, in sha Allah zan zo da bainokula da tocila masu jar leda, kuma akwai malamin kimiyya na sakandare a cikinmu da ke da teleskof, zan yi masa magana ya zo da shi.