Tokaj: garin da ake barin inabi ya yi fumfuna da gangan

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne. Na ji an ce akwai wani gari a ƙasar Hangari da manoma suke barin inabinsu ya yi fumfuna, kuma wai shi ya fi tsada. Mu dai a aji an koya mana fumfuna cuta ce. Yaya abin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, malamanka ba su yi kuskure ba, labarin da ka ji ma gaskiya ne. Garin shi ne Tokaj, a arewa maso gabashin Hangari, daidai inda kogin Bodrog yake zuba a kogin Tisza. Fumfunar kuwa sunanta Botrytis cinerea, ita ce dai mai ruɓar da inabi da tumatir a wasu wurare. Kogunan nan biyu ne suka sauya mata hali.

Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, hazo mai laima yakan taso daga ruwa da asuba ya lulluɓe gangaren tsauni. Laimar ce take tayar da fumfunar, ta yi wa fatar ƙwayar inabi ƙananan ƙofofi. Da rana ta ɗaga sai hazo ya watse, busasshiyar iska ta kaɗa, ruwan cikin ƙwayar ya riƙa tsanewa ta ƙofofin nan. Zaƙi da tsami su taru wuri ɗaya, ƙwayar ta yamushe kamar zabibi. Mutanen Tokaj suna kiran irin wannan ƙwaya aszú. Irin inabin da suka fi nomawa, Furmint, ƙwayoyinsa a cushe suke a nono ɗaya, don haka fumfunar take saurin yaɗuwa a jikinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne girbin. Ba a yanke nonon gaba ɗaya. Mai tsinka yakan bi da yatsa yana zaɓen ƙwaya ɗaya-ɗaya, ya bar wadda ba ta kai ba, ya sake zagayowa bayan kwanaki, ga sanyin kaka yana cin hannu. Wannan wahala ce ta sa giyar inabi mai zaƙi da suke yi da shi take tsada. Ana ajiye ta cikin ganguna a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da aka sassaƙa cikin dutsen tsohon aman wuta.

Tun 1737 aka shata iyakar yankin noman inabin Tokaj da dokar sarki. Ƙwaron filoksera, mai cin saiwar inabi, ya cinye yawancin gonakin a shekarun 1880, aka sake dasawa, kuma a 2002 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Amma ka riƙe wannan da kyau, tunda noma kake karanta: ba kowace shekara abin yake yiwuwa ba. In ruwan sama ya yi ta zuba a kaka, rana ba ta samu ta busar ba, fumfunar nan takan koma ruɓa zalla, manomin Tokaj ya tafka asara kamar kowa.