Ping ɗaya, amma wani wasan yana amsa hannu, wani yana jan ƙafa

Tambaya: Malam, na yi shekara biyu ina buga World of Warcraft, kwanan nan abokaina suka ja ni zuwa Final Fantasy XIV. Kwamfuta ɗaya ce, intanet ɗaya, ping ɗina a duka biyun wajen 130 ne. Amma a na farkon ina danna maɓalli hari ke fita, a na biyun kuwa kamar ana riƙe min hannu. Nakan ma kauce wa harin dodo, in ga na tsira da idona, sai kawai in faɗi matacce. Laifin layina ne? Kuma wanne ya fi daɗi in tsaya a kai?

Amsa: Ɗan'uwa, sassauta wa layinka, rabin laifin ba nasa ba ne. Ping lokacin da saƙo ke ɗauka ne ya je sabar wasan, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke tafiyar da wasan, ya dawo. Ana auna shi da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), kuma nisa ne ke yanka masa. Haske a cikin wayar fayiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, ko da komai lafiya lau. Wannan babu mai iya rage maka shi. Abin da ya bambanta wasannin shi ne yadda kowanne ke ɓoye wannan jinkirin.

World of Warcraft, wanda Blizzard ya fitar a 2004, gwani ne wajen rufa wa jinkiri asiri. Hutun dole tsakanin hari da hari daƙiƙa 1.5 ne, yana kuma raguwa da kayan yaƙi. Sannan yana karɓar dannawarka ta gaba tun saura milisakan 400 hutun ya ƙare, ya jera ta a layi. Naka 130 ɗin ya nutse a ciki, shi ya sa ba ka taɓa jin sa ba.

Final Fantasy XIV kuwa, wanda Square Enix ya rushe ya sake ginawa a 2013, hutunsa daƙiƙa 2.5 ne. A farkon wasa, lokacin da hare-harenka ba su fi uku ba, wannan kaɗai ya isa ya sa ka hamma. Daga baya ana ba ka ƙananan hare-haren da ake cusawa biyu a tsakanin manya. Nan gizo ke saƙar: bayan kowace dannawa jaruminka yana ƙamewa na ɗan lokaci, kuma amsar sabar na da hannu a tsawon ƙamewar. Mai ping 20 zai cusa biyu cikin sauƙi, kai kuwa na biyun zai riƙa cin lokacin babban harinka.

Mutuwar da kake yi bayan ka kauce ma ba aljanu ba ne. Sabar tana yanke hukuncin wanda hari ya samu a lokacin da alamar gargaɗin da ke fitowa a ƙasa, mai nuna inda harin zai sauka, ta ɓace, wutar da kake gani daga baya ado ce kawai. Ka riƙa gudu da zarar alama ta bayyana, ka daina kallon wutar.

Batun daɗi kuma daban ne. Old School RuneScape komai nasa yana tafiya ne a kan bugun daƙiƙa 0.6, wato sabar ba ta aiwatar da komai sai bayan kowace daƙiƙa 0.6, EVE Online bugu ɗaya a daƙiƙa, a manyan yaƙe-yaƙe ma yakan rage gudun lokaci zuwa kashi 10 cikin 100, amma akwai waɗanda suka shekara goma ba su bar su ba. A ganina, in daɗinka a yatsu yake, koma inda ka fito, ko ka gwada Guild Wars 2 mai tsallen kauce wa hari. In labari da kiɗa da hira da abokai ne, zauna inda kake, domin yaƙin yana ƙara armashi bayan mataki na 50.

Kafin ka yanke shawara, bar Wi-Fi ka jona waya kai tsaye, ka lura ko ping ɗin yana tsaye. Wanda ya zauna daram a 130 hannu yana sabawa da shi, mai tsalle daga 60 zuwa 300 shi ne ke kashe mutum a gaban dodo. Ka kuma duba cibiyar sabar da abokan naka suka yi rajista, ko ta Turai ce, ko Amurka, ko Japan, domin wataƙila akwai wadda ta fi kusa da ku duka.