Zuwa ga ƙanwata mai shirin zuwa haihuwa Faransa

Balkisu, na ga saƙonki. Kin ce takardun karatun sun fito, za ki taso daga Garwa ta Kamaru a watan Satumba da cikin wata biyar ki tarar da maigidanki a Liyon, kuma Inna ta riga ta cika miki jaka biyu da kayan haihuwa. Kina tambaya me za ki ɗauka ranar da naƙuda ta zo.

Ki fara rage kayan nan. Na san abin da Inna ta zuba: auduga, safar hannu, reza, ruwan Javel, zannuwa goma. A gida haka ake yi, ko da mace ta sayi Chèque santé ɗin nan na sefa 6,000, wato takardar biyan kuɗin awo da haihuwa, hankalin uwa ba ya kwanciya sai ta ga an riƙe komai a hannu. A nan asibiti ke ba da duk abin da ungozoma za ta yi aiki da shi. Kilishi da man shanu kuwa ki bar su, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi. Yajin jego, kuka da daddawa ki zo da su, za ki gode wa Allah.

Abin da ya fi damuna takardu ne. Ki zo da katin awonki na Garwa, da sakamakon duk gwajin jini da hoton ciki da aka yi miki. A nan ana sanar da hukuma ciki kafin ƙarshen mako na 14, ke kuwa za ki iso kin wuce, saboda haka makon da kika sauka ki yi rajistar inshorar lafiya ta ɗalibai, ki ga likita ko ungozoma, ki kama gurbi a asibitin da za ki haihu. Kada ki ce sai kin huta. Daga farkon wata na shida har kwana 12 bayan haihuwa inshorar gwamnati ke biyan kuɗin duka, amma sai sunanki ya shiga. Wajen wata na takwas dole ki ga likitan allurar kashe zafi, ko ba ki da niyyar a yi miki ita. Sannan takardar aure ta ofishin magajin gari: in ɗaurin auren masallaci kaɗai kuka yi, ku gyara wannan tun kina gida, domin hukumar nan ba ta san da shi ba.

Jakar kanta ƙarama ce. Haihuwarki za ta faɗo cikin Janairu, tsakiyar sanyi, ba irin hunturunmu da rana ke fitowa da hantsi ba. Jariri na buƙatar riguna masu dogon hannu biyar ko shida, hula, safa, rigar ulu, da buhun barcin nan da suke kira gigoteuse, don ba a lulluɓa wa jariri bargo a nan, a rigingine ake kwantar da shi. Ke kuma riguna masu buɗewa ta gaba saboda shayarwa, manyan audugar mata, silifa, cajar waya, zane biyu masu laushi da hijabi mara nauyi. In da mota za ku koma gida, sai da kujerar jariri. Kwana uku ko huɗu za ki yi, in tiyata ce a ƙara kaɗan. Ki sa dabino a aljihun jakar, maigidanki ya yi wa yaro kiran salla a kunne a ɗakin, ni babu wanda ya hana mu.

Wani abu da ya zo mini ba zato: suna. Doka ta ce a yi rajistar haihuwa cikin kwana biyar, mu kuwa sai ranar bakwai ake raɗa suna. Na tuna maigidana tsaye a barandar asibiti yana ta kiran Baba a waya, ana ta shawara tsakanin Garwa da Marwa, ni ina kwance ina kuka saboda ban so a yi abin a gaggauce ba. Ku zauna da iyaye tun yanzu, a tsayar da sunan namiji da na mace, har da yadda za a rubuta shi. Ragon suna a yanka a gida ranar bakwai, kamar yadda aka saba.

Ki kuma shirya zuciyarki: kina iya roƙon mace ta duba ki, yawancin ungozomomi mata ne, amma da dare ko in abu ya rikice, wanda ke bakin aiki shi zai zo.

Maganar wankan jego, ki gaya wa Inna a hankali cewa ba garwar tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya a ɗakin ɗalibai. Ruwa mai ɗumi ya isa. Kunun kanwa ma ki sassauta, kanwa gishiri ce, tana tayar da hawan jini ta wahalar da zuciyar mai jego.

Abin da babu shi a nan shi ne gidan da ke cika da mata kwana arba'in. Ungozoma za ta leƙo ki a gida, akwai kuma cibiyar PMI da ake auna jarirai kyauta, amma ba su za su dama miki kunu da asuba ba. Na riga na nemi hutun mako biyu a wurin aiki cikin Janairu. Ki turo mini ranar da likita ya ba ki, in san yadda zan sayi tikitin jirgin ƙasa. Ki gaishe mini da Inna.