Gidan da bashi ya fi ƙarfinsa da hannun jarin aro: suna ɗaya, haɗari daban

Tambaya: Ƙanena da ke Amurka ya kasa biyan bashin gidansa, banki na shirin ƙwacewa, sai aka ba shi shawarar ya yi "shot sel". Ni kuwa a kasuwar hannun jari na san wannan kalma, har ina tunanin gwadawa. Abu ɗaya ne?

Amsa: Alhaji, suna ne kawai ya haɗa su.

Na ƙanenka shi ne ya sayar da gidan a kan kuɗin da bai kai bashin da ake bin sa ba, da yardar banki. A ce bashin dala 300,000 ne, gidan kuma yanzu ba zai wuce 250,000 ba. Banki kan yarda ya karɓi abin da ya samu, domin ƙwace gida da yin gwanjonsa na cin kuɗi da lokaci. Bayan rikicin kuɗi na 2008 Amurkawa da yawa ta nan suka fita. Tabon da yake bari a tarihin bashin mutum ma ya fi sauƙi: a ƙa'idar Fannie Mae, babbar cibiyar da ke sayen basussukan gidaje a Amurka, wanda ya bi wannan hanya zai jira shekara 4 kafin ya sake samun bashin gida, wanda aka ƙwace wa kuwa shekara 7.

Abin da ya fi damuna shi ne cikon dala 50,000 ɗin nan. A wasu jihohin banki na iya biyo shi da shi bayan an gama ciniki. Kada ya sa hannu sai an rubuta a takarda cewa an yafe cikon. Ya kuma ga masanin haraji, don hukumar haraji ta Amurka, IRS, kan ɗauki bashin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga. Ya fara magana da bankin tun yau, amincewarsu kan ɗauki watanni.

Naka kuwa wani abu ne daban. Za ka ari hannun jari daga dillali ka sayar, kana fatan farashi ya faɗi ka sayo da araha ka mayar. Ka sayar a dala 50, ya sauko 30, ka ci 20. To idan ya hau fa? Wanda ya sayi hannun jari, iyakar asararsa kuɗin da ya zuba. Wanda ya aro ya sayar, asararsa ba ta da iyaka, domin farashi ba shi da inda zai tsaya. Ga kuɗin aro yana tafiya kullum, dillali kuma na iya neman ƙarin jingina ko ya rufe cinikin ba da son ranka ba.

A watan Janairun 2021 hannun jarin GameStop, kamfanin sayar da wasannin bidiyo, ya tashi daga ƙasa da dala 20 zuwa 483. Kamfanin zuba jari na Melvin Capital, wanda ya aro wannan hannun jarin ya sayar, da ƙwararrunsa da biliyoyinsa, ya yi asarar kashi 53 cikin ɗari a wannan watan kaɗai, a 2022 ya rufe. Sannan masana harkar kuɗi ta Musulunci da yawa ba su amince da wannan ciniki ba, saboda sayar da abin da ba ka mallaka ba ne.

Ni dai ba zan ba ka shawarar shiga ba. Idan ka ga kamfani zai faɗi, ka sayar da naka in kana da shi, in ba ka da shi kada ka saya. Kuɗin da ka ware don gwajin nan, ka taimaka wa ƙanenka ya ɗauki lauyan da zai karanta masa takardun banki kafin ya sa hannu.