Kuɗin jama'a aka yi binciken da su, me ya sa sai na biya?

Tambaya: Malam ina digiri na biyu, duk takardar binciken da na buɗe a intanet sai a ce in biya dala, alhali gwamnati ce ta ɗau nauyin aikin. Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Ai irin ƙorafin nan ne ya sa tun 2008 hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, ta wajabta a saka duk binciken da ta ba kuɗi kyauta a PubMed Central, wani rumbun takardun binciken lafiya a intanet, da can ana ba mujallu wata 12 su ci kasuwarsu, daga Yulin 2025 an soke jiran. Turai ma a 2018 sun fito da Plan S, wani tsari na buɗe wa kowa binciken da aka yi da kuɗin jama'a kyauta. Sai dai wasu mujallun sun koma cajin marubuci dubban daloli, to malamin jami'armu ina zai samo su fisabilillahi? Ka fara duba PubMed Central, in babu ka tura wa marubucin imel, da yawa suna turowa.