Shawarar Lauya: An gyara ƙafar Hilux, taya ta fice a hanya, wa ke da alhaki?

Tambaya: Barista, ina da Hilux da nake shiga ƙauyuka da ita wajen sayen hatsi. Na fara jin tayar gaba ta hagu tana girgiɗi, sai na kai wani gareji a Kano na ce a duba a gyara. Bakaniken ya ce tayarod ne, wato sandar ƙarfen da ke haɗa taya da sitiyari, ya canza, na biya. Bayan kwana goma, a kan hanyar burji, tayar ta fice gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma ƙafar motar ta lalace. Wani bakaniken ya ce boris ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya cinye tun tuni. Na koma wajen na farko, ya ce min hanyar daji ce ta jawo, kuma shi ba ya bayar da garanti. Ina da hakki a kansa?

Amsa: Malam, barka da arziki. Ficewar tayar gaba ba ƙaramin abu ba ne, rai ake magana. Bisa abin da ka faɗa, kana da hakki, sai dai ƙarfinsa ya rataya ne a kan abu biyu: me ka ce masa ya yi, kuma me ka riƙe a hannu na hujja.

Da ka je da tayarod ɗinka ka ce "ɗaura min wannan", da aikinsa ya tsaya ga ɗaurawa da kyau, ko da yake idan ya ga wani haɗari a fili ya kamata ya faɗa maka. Kai kuwa cewa ka yi a duba a gyara. Ka sayi saninsa ke nan, gano cutar ya shiga cikin kwangilar. Doka ba ta ce bakanike ba ya kuskure ba. Ma'auninta shi ne: shin ya yi abin da gwanin bakanike mai kula zai yi?

Nan ne maganarka ta yi ƙarfi, domin gwajin ba boyayye ba ne. Ana ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi wasa, ana zargin boris ko bol-join, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar motar. A kama ta dama da hagu, wasan nan ya fi nuna tayarod ko kayan sitiyari. A sa yaro ya taka birki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace, galibi boris ne. Sannan a juya tayar da hannu a saurari gurnani. Duka wannan bai fi minti goma ba. Wanda ya canza tayarod bai sake girgiza tayar ba kafin ya miƙa makulli, ya bar aikinsa a rabi. Abin da ya fi damuna a garejojinmu ke nan, canje-canjen kaya bisa zato, mai mota na biya.

Dokar kare hakkin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 130 wanda aka yi wa aiki yana da hakkin a yi masa shi da ingancin da mai hankali zai sa ran samu, a sa masa kaya marasa aibi, a kuma mayar masa da dukiyarsa ba ta fi yadda ya kawo ta lalacewa ba. In aka saɓa, zai iya neman a gyara aikin ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Barnar da ta biyo baya, wato hob (cibiyar da ake ɗaure taya a kanta), birki, kuɗin janwe, ana nemanta ta hanyar saɓa kwangila ko sakaci. Cewar "ba na bayar da garanti" ba ta wanke mutum daga sakacinsa, balle an faɗe ta bayan aiki ya lalace. Kuma ko yaronsa ne ya yi aikin, maigidan gareji ke ɗauka. A fikihun Malikiyya ma an san lamunin masu sana'a, littafin Risala ya kawo cewa suna lamunin abin da aka bar musu a hannu, kuma wanda ya ɓata kaya da gangancin aikinsa yana biya.

Batun hanyar daji fa? Zai yi amfani da shi, kuma ba maganar banza ba ce gaba ɗaya. Rami, ruwa da yashi suna kashe boris da wuri, haka lodin da ya wuce kima, haka manyan tayoyin da wasu ke sawa. Amma Hilux don irin wannan hanya aka ƙera ta, kuma ya san inda kake shiga da ita. Boris da ya ci har ya saki taya yakan bar shaida: ƙarfe ya canza launi saboda zafi, giris ya bushe ya yi baƙi, 'ya'yan boris sun yi tsatsa ko sun farfashe. Ƙwararre zai iya cewa wannan ciwon ya girmi kwana goma.

Akwai inda za a iya kama ka. Idan bayan gyaran ka ci gaba da jin girgiɗi ko gurnani amma ka yi ta tafiya da lodi, kotu na iya raba laifin, ta rage abin da za a biya ka. Haka idan ya ce maka boris ma na son canji ka ce a bari sai wani jiƙon. Ka faɗa wa lauyanka gaskiyar wannan tun farko.

Yanzu kada ka bari a jefar da boris ɗin da hob, ko a sayar wa 'yan gwangwan. Ka ɗauki hotonsu, ka ajiye su a leda. Bakanike na biyu ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, ka kuma tabbatar zai yarda ya tsaya shaida, don da yawa ba sa son yin magana a kan abokin sana'a. Rashin rasit bai kashe magana ba: shaidar tura kuɗi ta banki, saƙon WhatsApp, da wanda ya raka ka duk hujja ne.

Ka fara da sulhu. Shugaban garejin ko reshen ƙungiyar makanikai ta NATA sukan sasanta irin wannan, su sa a raba kuɗin kaya ko a yi aikin kyauta. Duk abin da aka cimma a rubuta. In ya ƙi, a aika masa takardar neman biya mai ɗauke da jimillar kuɗi da wa'adi. Daga nan kana da FCCPC, ko hukumar kare masu saye ta Jihar Kano, ko kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019 da iyakar Naira miliyan 5, inda za ka iya tsayawa da kanka ba lauya. Ita ta fi dacewa da kuɗin da aka riga aka ƙididdige, don haka idan gardamar sakaci ta yi zafi, kotun majistare ko ta Musulunci za ka nufa.

Ina roƙonka kada ka kai shi ofishin 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa kwangila kawai, kuma idan ka sa aka tsare shi, shi ne zai juyo ya yi ƙararka kan tauye masa 'yanci. Kafin motar ta koma hanya kuma, a duba ƙafar dama, domin boris biyun aiki ɗaya suka sha.