Tambayi Likita: Ƙwaya ɗaya a mako za ta iya gyara ƙashi?

Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata mai shekara 68 ta zame a bakin rijiya, tsintsiyar hannunta ta karye. A asibiti aka ce zaizayar ƙashi ce, aka rubuta mata Fosamax sau ɗaya a mako. Hajiya ta ce ba ta jin wani sauyi, tana so ta daina. Daga Jekadafari, Gombe.

Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ki lallashe ta kada ta daina, domin wannan ba maganin kashe zafi ba ne, ba a jin aikinsa a jiki.

Ƙashi rayayye ne. Kullum akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke kankare tsohon ƙashi, wasu na bin bayansu suna zuba sabo, har jikin baligi kan sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashinsa a shekara. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin ya yi ƙasa, sai kankarewa ta fi zubawa yawa, ƙashi ya zama rami-rami ta ciki. Daga nan 'yar faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe riga sai ta zama karaya.

Ainihin sunan maganin alendronet, daga dangin bisfosfonet, kuma tun 1995 aka amince da shi a Amurka. Yana da tsananin son kalsiyam, shi ya sa da zarar ya shiga jini sai ya je ya manne a jikin ma'adinin ƙashi, musamman wuraren da ake cikin kankarewa. Kusan rabi ne ke mannewa, sauran ƙoda ta fitar a fitsari. Ƙwayar halittar da ta zo kankare ƙashin sai ta haɗiye shi tare da ƙashin, ya toshe mata wani sinadari da take aiki da shi, ƙarfinta ya karye, wata ma ta mutu. Kamar dai a shafa wa azara maganin gara ne, sai wadda ta ci take jin jiki. Masu zuba sabo kuwa su samu sararin cike ramukan. Haɗarin karayar ƙashin baya kan ragu da kusan rabi, amma lissafin na shekaru ne, ba na makonni ba. A tabbata kuma tana samun kalsiyam da bitamin D: nono, zogale, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, da ɗan shan hantsi.

Likita, an ce in sha da ruwa zalla kuma kada in kwanta. Ni kuwa da shayi nake shan duk magungunana. Yaya sallah da azumi? Wata malama daga Kumo.

Malama, a nan ne mafi yawan mutane ke asarar kuɗinsu. Abin da hanji ke iya tsotsa daga ƙwayar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ko da ciki babu komai. Son kalsiyam ɗin da ke kai shi ƙashi shi ne kuma matsalarsa a ciki: idan ya haɗu da madara, fura da nono, kunun kanwa ko ƙwayar ƙarin jini, nan zai manne ya bi bayan gida. Shayi ma na rage shi sosai.

Ki zaɓi rana guda, misali Juma'a. Ki yi sallar asuba tukuna, saboda ruku'u da sujada na iya dawo da ƙwayar maƙogwaro, kuma tana ƙona shi. Bayan sallama ki haɗiye ta da kofi cike da ruwa, kada ki tauna, ki zauna kan darduma da carbinki aƙalla minti 30. Ba komawa barci sai kin karya. Da azumi kuwa ki riga sahur tashi da rabin awa, muddin kin kwana ba ki ci komai ba. Idan haɗiya ta fara yi miki zafi ko ƙwannafi ya tsananta, ki dakata ki ga likita. Akwai wani ɗan'uwan maganin mai suna zoledronet da ake ɗaurawa ta ƙarin ruwa, miligiram 5 sau ɗaya a shekara. Na farko kan sa zazzaɓi da ciwon jiki na 'yan kwanaki, kuma sai an auna ƙoda kafin a ba da.

Ƙanwata na shan ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Tana taɓa ƙashi? Daga Bajoga.

Ƙwarai kuwa. Galibi dezametason ne a ciki, kuma yana cikin manyan masu cinye ƙashi ko ga budurwa. Sai dai kada ta yanke lokaci guda idan ta daɗe tana sha, likita ne zai janye mata a hankali.

Shekarata biyar ina shan alendronet, yanzu za a cire mini haƙori. Da haɗari? Wani dattijo daga Kaltungo.

Baba, ka gaya wa likitan haƙori kafin ya taɓa ka. A wasu 'yan tsiraru ramin haƙorin kan ƙi warkewa har ƙashin muƙamuƙi ya lalace, amma an fi ganin haka ga masu cutar daji da ke karɓar allurar irin wannan magani da yawa. Dainawa ana gobe cirewa ba ta da wani amfani, domin maganin kan zauna a ƙashi fiye da shekara 10.

Wannan daɗewar ce ta sa bayan shekara biyar ana sha, ko uku ana ɗaurawa, mukan sake duba mutum. Wanda haɗarinsa ya ragu a ba shi hutu, wanda ya taɓa karya ƙugu ko baya yawanci ya ci gaba. Idan ka ji wani sabon ciwo a cinya ko matsematsi, a ɗauki hoto, kada a tsaya wurin mai ɗori. Hutun nan bai shafi masu allurar Prolia, wani maganin zaizayar ƙashi na wata shida-shida, ba: ita ba ta mannewa a ƙashi, kuma tsallake ta na iya jawo karayar baya cikin 'yan watanni.